GOTTFRIED VON CRAMM: GWARZON TANIS NA JAMUS DA YA ƘI SAYAR DA MUTUNCINSA

 Yau tarihi zai kai mu ƙasar Jamus ta zamanin Hitila, mutumin nan da kakanninmu suka laƙaba wa Yaƙin Duniya na Biyu sunansa, suna cewa Yaƙin Hitila. Sai dai ba fagen daga muka nufa ba. Filin wasan tanis za mu shiga, domin mu duba rayuwar wani ɗan wasa mai suna Gottfried von Cramm.

Sau uku a jere, a 1935 da 1936 da 1937, wannan bawan Allah ya kai wasan ƙarshe a gasar Wimbledon ta birnin Landan, wadda ita ce uwar gasannin tanis na duniya, kuma sau ukun duka aka doke shi. Karawar da ta fi ɗaukaka sunansa ma, shi ne ya sha kaye a cikinta. Duk da haka, idan masana wannan wasa suka tashi lissafin 'yan wasan da suka fi kowa dattaku, sunansa yana cikin na farko da suke ambata. Yadda aka yi mai shan kaye ya samu wannan matsayi shi ne abin da za mu bi diddiginsa.

Kafin mu shiga, ga ɗan haske ga waɗanda ba su saba da wasan ba. Ana buga tanis da raket, wato madoki mai raga, ana tura ƙwallo ta saman wata raga da ta raba fili gida biyu. A manyan gasannin maza turmi biyar ake yi, wanda ya riga cin uku shi ke da nasara. Kowane turmi ana cin sa ne da wasa shida, amma a wancan zamani dole a ba abokin karawa tazarar wasa biyu, komai daɗewar da za a yi. Shi ya sa za mu riƙa ganin sakamako irin 8-6. Akwai wasan ɗaiɗai, akwai kuma na bibbiyu.

ƊAN GIDAN SARAUTA

An haifi Gottfried ranar 7 ga Yuli, 1909, a Nettlingen, kusa da garin Hildesheim a arewacin Jamus. Shi ne na uku cikin 'ya'ya maza bakwai na wani tsohon gidan sarauta mai gonaki da dawaki, kuma ya gaji laƙabin Baron, wanda da shi 'yan jarida suka riƙa kiran sa har ƙarshen rayuwarsa. Yana ɗan shekara goma wani doki da yake ba sukari ya gutsure masa kan yatsan hannunsa na dama, hannun da zai riƙe raket da shi. Hakan bai hana shi ba. A filayen tanis na gidajen danginsa ya koyi wasan.

A 1928 ya tafi Barlin da sunan karatun shari'a, iyaye suna fatan ya zama jami'in jakadanci. Amma zuciyarsa tana ƙungiyar tanis ta Rot-Weiss, inda yake wuni yana atisaye. Ba a daɗe ba ya ajiye littattafai. Zuwa 1932 ya ci gasar Jamus da ake yi a Hamburg, kuma ya shiga tawagar ƙasar ta Kofin Davis, wato gasar da ƙasashe ke fafatawa a cikinta, kamar yadda muka san Kofin Duniya a ƙwallon ƙafa.

Dogo ne, fari, mai farin gashi, mai natsuwa a fili. Ƙarfinsa yana ga bugun buɗe wasa mai tashi sama ya karkace, da kuma juriya, domin ya horar da jikinsa yadda turmi na biyar yake zame masa gida. A 1933 ya ci wasan bibbiyu na mace da namiji a Wimbledon tare da Hilde Krahwinkel. A 1934 ya ɗauki gasar Faransa bayan ya doke Jack Crawford na Ostareliya a turmi biyar, alhali a turmi na huɗu maki ɗaya kacal ya rage a fitar da shi. A 1936 ya sake ɗaukar ta, inda ya doke Fred Perry na Ingila, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, ya rufe shi da 6-0 a turmin ƙarshe.

ABIN DA YA SAMI DANIEL PRENN

Ba za a fahimci von Cramm ba sai an san Daniel Prenn. Shi ne babban ɗan wasan Jamus kafin von Cramm ya taso, kuma abokin wasansa a tawagar ƙasa. Bayahude ne, an haife shi a daular Rasha, iyalinsa suka yi hijira zuwa Barlin, ya girma ya zama Bajamushe. A watan Yuli na 1932, a gaban jama'ar Barlin, Prenn ya doke Fred Perry a wasan da ya raba gardama, Jamus ta fitar da Birtaniya daga Kofin Davis. Ranar nan babu Bajamushen da ya kai shi farin jini.

A watan Janairu na 1933 Hitila ya hau mulki. Kafin watan Afrilu ya ƙare, hukumar tanis ta Jamus ta sanar cewa Prenn ba zai ƙara wakiltar ƙasar ba, saboda asalinsa. Wata tara ke nan tsakanin tafi da kora. Prenn ya tattara ya koma Ingila. Duk wanda ya san zaman 'yan tsiraru a cikin ƙasa ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan: mutum ya wayi gari ɗan ƙasa, ya kwana baƙo, ba tare da ya sauya komai a halinsa ba.

Yawancin 'yan wasa da shugabanninsu sun yi gum da bakinsu. Von Cramm bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Nan ne matsalarsa da masu mulki ta soma. Su kuwa sun so shi matuƙa, domin siffarsa ita ce daidai irin wadda farfagandarsu ke tallatawa a matsayin zaɓaɓɓen jinsi: dogo, fari, ɗan asali, mai nasara. An yi ta matsa masa ya shiga jam'iyyar Nazi, har daga bakin manya irin su Hermann Göring. Ya ƙi. Ya ci gaba da buga wa Jamus wasa, ana ɗaga tutar 'yan Nazi a duk inda ya je, amma bai taɓa yankar katin jam'iyya ba. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji Hausawa, dole ya yi masa aski. Von Cramm ya gane haka, ya ƙi karɓar ladan.

MAKIN DA YA MAYAR

A watan Yuli na 1935 Jamus ta haɗu da Amurka a filin Wimbledon, a matakin da duk wanda ya haye shi zai kara da mai riƙe da Kofin Davis. Jamus ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. Kowace ƙasa ta ci wasa ɗaya, aka zo wasan bibbiyu: von Cramm da Kai Lund a gefe guda, Wilmer Allison da John Van Ryn a ɗaya gefen.

Wasa ya yi nisa har ya kai maki ɗaya ya rage Jamusawa su yi nasara. Ƙwallo ta taso, von Cramm ya kai mata raket kamar bai same ta ba, Lund da ke bayansa ya make ta ta faɗi inda Amurkawa ba su iya kai mata ba. Alƙalin wasa ya ba Jamus nasara. Sai von Cramm ya ɗaga hannu, ya taka zuwa wurin alƙali, ya shaida masa cewa ƙwallon ta ɗan shafi bakin raket ɗinsa kafin Lund ya buga. A ƙa'ida, 'yan gefe ɗaya ba sa taɓa ƙwallo su biyu a bugu guda. Babu wanda ya gani, ba alƙali ba, ba Amurkawa ba, ba 'yan kallo ba. Babu na'urar maimaita hoto a lokacin. Shi kaɗai ya ji a hannunsa.

Aka mayar wa Amurka makin. Wasa ya ci gaba, Amurkawa suka farfaɗo, suka ci a turmi na biyar, daga ƙarshe suka fitar da Jamus da ci 4-1. Jagoran tawagar, Heinrich Kleinschroth, ya same shi a ɗakin sauya kaya cikin fushi, yana tuhumar sa da cewa ya ba ƙasarsa kunya. Amsar da aka ruwaito daga von Cramm ita ce, tanis wasan mutanen kirki ne, haka ya buga shi tun ranar da ya fara riƙe raket, kuma ba zai iya barci ba yana sane da cewa ƙwallo ta taɓa shi ya yi shiru. Ya ƙara da cewa a ganinsa bai kunyata Jamusawa ba, mutunta su ya yi.

Mu lura da ƙasar da zai koma bayan wannan magana. Gwamnati ce da ta ɗauki kowace nasarar wasa hujjar fifikon jinsi, tana shirin karɓar baƙuncin gasar Olamfik ta 1936. A irin wannan wuri, mayar da maki ba ƙaramin al'amari ba ne.

Halin nasa bai tsaya nan ba. Don Budge, matashin Ba'amurke da zai zama babban abokin hamayyarsa, ya ba da labarin yadda von Cramm ya taɓa yi masa gyara. A lokacin 'yan wasa suna da al'adar cewa idan mai kula da layi ya yi kuskure ya ba su makin da ba nasu ba, sai su zubar da maki na gaba da gangan, a ce sun yi adalci. Von Cramm ya nuna wa Budge cewa yin haka tozarta mai kula da layin ne a gaban dubban mutane, don ɗan wasa ya samu tafi. A wasan ƙarshe na Wimbledon na 1936 kuma, tsokar cinyarsa ta yage tun farkon karawa da Perry. Bai janye ba, domin kada a ce Perry ya ɗauki kofi a bagas. Ya tsaya yana ɗingishi har aka doke shi 6-1, 6-1, 6-0, sannan ya roƙi alƙali ya ba 'yan kallo haƙuri a madadinsa saboda bai iya yi musu wasa mai kyau ba.

RANAR 20 GA YULI, 1937

Shekara biyu bayan haka Jamus da Amurka suka sake haɗuwa a mataki ɗaya, a fili ɗaya. Kowa ya san wanda ya tsallake zai ɗauki kofin, domin Fred Perry ya koma wasan kuɗi, Birtaniya mai riƙe da kofi ta yi rauni. Ƙasashen biyu suka yi kunnen doki, 2-2. Wasan ƙarshe ya faɗo kan von Cramm da Budge, wanda makonni kaɗan kafin nan ya lallasa shi a turmi uku a wasan ƙarshe na Wimbledon. Abin mamaki, mai horar da Jamusawa a lokacin shi ne Bill Tilden, tsohon gwarzon Amurka.

Budge ya riƙa ba da labarin cewa suna shirin fita fili aka kira von Cramm a waya, kuma Hitila ne da kansa yake masa fatan nasara. Von Cramm ya ƙaryata wannan labari daga baya. Amma ko babu waya, nauyin da ke kansa a bayyane yake: mutumin da ya ƙi jam'iyya, wanda nasara kaɗai ke kāre shi.

Ya shiga da zafinsa, ya ci turmi biyu na farko 8-6 da 7-5. Budge ya rama da 6-4 da 6-2. A turmi na biyar von Cramm ya wuce gaba 4-1, saura wasa biyu ya kai Jamus inda ba ta taɓa zuwa ba. A nan Budge ya yi kasada, ya soma tarar bugun buɗe wasan von Cramm tun da wuri yana rugawa bakin raga. Kasadar ta biya, suka dawo 4-4, suka tafi 6-6, rana tana faɗuwa. Sau da dama Budge yana kai wa maki ɗaya ya gama, von Cramm yana ƙwacewa. A na ƙarshe von Cramm ya kora shi can gefen fili, Budge ya bi ƙwallo da gudu ya make ta yana faɗuwa ƙasa. Bai ga inda ta sauka ba, ihun jama'a ne ya gaya masa ta shiga. Turmi ya tashi 8-6.

Von Cramm ya riga shi isa bakin raga, yana murmushi, ya miƙa masa hannu. Budge ya ce ya gaya masa wannan ne wasa mafi kyau da ya taɓa bugawa a rayuwarsa, kuma yana farin ciki da ya buga shi da mutumin da yake ƙauna. Amurka ta wuce ta doke Birtaniya, ta ɗauki kofin da rabon ta da shi tun 1926. Har yau ana sa wannan karawa cikin mafi girma a tarihin tanis.

DAGA FILI ZUWA KURKUKU

Bayan nan von Cramm da abokin wasansa Henner Henkel suka tafi dogon rangadi. A Amurka suka ci gasar bibbiyu, kamar yadda suka ci ta Faransa a shekarar, shi kuma ya sake faɗuwa a hannun Budge a wasan ƙarshe na ɗaiɗai, a turmi biyar. Suka zarce Japan da Ostareliya. A tafiyar bai riƙa yabon gwamnati yadda ake so jakadun wasanni su yi ba, kuma labari yana komawa Barlin.

Ya dawo gida a farkon Maris na 1938. Ranar 5 ga watan 'yan sandan ciki na Gestapo suka zo gidan iyalinsa a Brüggen suka tafi da shi. An tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 175 na dokar laifuffuka, wanda ya haramta tarayya tsakanin namiji da namiji, saboda alaƙarsa da wani Bayahude ɗan wasan kwaikwayo mai suna Manasse Herbst, wanda ya riga ya tsere zuwa Falasɗinu, kuma von Cramm ya taimaka masa da kuɗi. Bai musanta alaƙar ba. A watan Mayu kotu ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya.

Abin da ya shafi tarihinmu a nan shi ne lokacin da aka zaɓa. Alaƙar ta shekarun baya ce, ta ƙare tun kafin Herbst ya bar ƙasar. Muddin von Cramm yana ciyo kofuna, takardar tana kwance a aljihun tebur. Da ya sha kaye, ya kuma ƙi rufe baki, sai aka zaro ta. Haka mulkin kama-karya yake aiki a ko'ina: yana adana sirrin mutum kamar wuƙa a kube, sai ranar da ya daina amfani.

Budge bai manta da shi ba. Ya tara sa hannun fitattun 'yan wasan Amurka, ciki har da Joe DiMaggio, suka aika wa hukumomin Jamus takardar neman a sake shi. Mahaifiyarsa ta yi ta kai gwauro tana kai mari a ofisoshin manya. A watan Oktoba aka sallame shi, bayan kimanin wata bakwai a tsare.

Sai dai tabon hukuncin ya bi shi har ƙasashen da ke kiran kansu abokan gabar Hitila. Sarki Gustaf na Biyar na Suwidin, wanda abokinsa ne kuma mai son tanis, ya ba shi mafaka. A watan Yuni na 1939 ya shiga gasar Queen's Club a Landan, wadda ake share fagen Wimbledon da ita, ya doke Bobby Riggs na Amurka 6-0, 6-1 a wasan kusa da na ƙarshe, ya ɗauki kofin. Amma ba a bar shi ya shiga Wimbledon ba, saboda an taɓa ɗaure shi. Makonni kaɗan bayan haka Riggs ɗin nan ya ɗauki Wimbledon. Amurka ma ta hana shi biza. Damar da ta fi kowace kusa, hukuncin kotun 'yan Nazi ne ya rufe ta, da hannun Turawan Ingila.

YAƘI DA ABIN DA YA BIYO BAYA

A 1940 aka ɗauke shi soja. Aka tura shi fagen yaƙin Rasha, inda sanyi ya ƙone masa ƙafafu. Ya samu lambar jarumta ta Kuros ɗin Ƙarfe, amma a 1942 aka sallame shi daga soja saboda tsohon hukuncin nan. Henkel, abokin wasansa, bai dawo ba: ya mutu a Rasha a watan Janairu na 1943 sakamakon raunin harbi, yana da shekara 27.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, Jamus ta zama kufai, duniya kuma ta juya wa 'yan wasanta baya. A nan ne abin da von Cramm ya ƙi yi a shekarun baya ya zama jari ga ƙasarsa. Shi ne Bajamushen da babu wanda zai nuna wa yatsa ya ce ɗan Nazi ne. Ya taimaka aka sake gina ƙungiyar Rot-Weiss da bama-bamai suka rusa. Da aka fara zaɓen gwarzon ɗan wasan Jamus na shekara a 1947, shi aka fara ba, aka sake ba shi a 1948. Ya ci gasar Hamburg a 1948 da 1949, ya cika shida ke nan. A 1951, yana dab da shekara 42, ya koma Wimbledon. Jaroslav Drobný ya fitar da shi tun zagayen farko, amma 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa masa, shekara shida kacal bayan yaƙin da ya rusa unguwannin Landan. Ya buga wa Jamus Kofin Davis har 1953, ya bar tarihin cin wasa 82, adadin da babu Bajamushen da ya kamo shi.

Daga nan ya koma kasuwanci, yana sayo audugar Masar yana kai wa Jamus. A 1955 ya auri Barbara Hutton, hamshaƙiyar magajiyar dukiyar shagunan Woolworth na Amurka, auren da ya mutu bayan 'yan shekaru. Masar ta zame masa gida na biyu, kuma a can ajali ya same shi. A watan Nuwamba na 1976 motar da yake ciki ta yi karo da babbar mota a hanyar hamada kusa da Alƙahira. Ya rasu yana da shekara 67. A 1977 aka sa sunansa a zauren gwarazan tanis na duniya. Titin da ƙungiyar Rot-Weiss take a kansa a Barlin yau sunansa yake ɗauke da shi. Hukunce-hukuncen da kotunan 'yan Nazi suka yanke a ƙarƙashin sashe na 175 kuwa, sai a 2002 majalisar dokokin Jamus ta soke su, shekara 26 bayan mutuwarsa.

Kofunan da suka kuɓuce masa sun zo Jamus daga baya. Boris Becker ya ɗauki Wimbledon a 1985 yana ɗan shekara 17, Jamus ta Yamma ta ɗauki Kofin Davis a 1988. Da von Cramm ya yi shiru a 1935, wataƙila da ƙasarsa ta matsa kusa da kofin tun a lokacin, kuma da Hitila ne zai yi kurarin nasarar. Bai yi shiru ba, kuma ba mu ga inda aka ruwaito ya yi nadama ba. Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. An ƙwace wa wannan mutum 'yancinsa, da shekarun ƙarfinsa, da damar Wimbledon, amma ƙwaryar madararsa ya kai ta kabari ba ta zube ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.